Muɗala'ar Malam Gidaɗo

"Ya ƙarin haƙurinmu, amarya?"

"Sai godiya. Amaryar wa? Cire takalman ga, nan ba tashar Tambuwal ba ta."

Kwana talatin da tara ke nan da rasuwar Malam Gidaɗo na Kebbe, gobe sadakar arba'in. Matarsa Kaltume tana zaune bakin ɗaki cikin takaba. Duk garin ya san gurasarta mai shaidar yatsa uku a tsakiya, kowa kuma ya sa rai ita za a raba gobe. Amma ga garin alkama nan cikin akushi tun safe, ko ruwa bai gani ba, tanderu kuwa a sanyaye. Mai gaisuwar jikanta ne, Na'iya, ma'aikaci a sabon gidan burodi mai inji da ke Tambuwal. Lokacin ne kuɗin man fetur suka sa mutane raina duk abin da hannu ya yi, shi ma ciwon bai bar shi ba. Ya sauke kwali biyu daga babur yana hura hanci.

"Mi kaz zo da shi?"

"Lefe na. Tsohon da yat tare mani hanya ya kauce, na zo ɗaukar matata. Burodi ɗari, aikin inji, hannu bai taɓa shi ba."

"Hannu bai taɓa shi ba, kuma shi kaka alfahari da shi? Ko ɗan akuya sai uwatai ta lashe shi."

Ta ɗauki guda, ta latsa shi da gefen hannu, ya lotse kamar soso.

"Wanga ai iska na anka sa ma riga. In an bada shi sadaka, ladar ma iska za ta zama."

"Ke da ke da haƙori biyu, guda ma na hutu, ai laushin ga rahama na gare ki."

"Haƙoran ga biyu sun ga bayan gurasar da ta girme ma ubanka. Kai da anka haifa kamar ɓeran masallaci, da gurasata anka tashe ka."

"Shi yas sa har yau ban yi ƙiba ba."

"Hassada ta hana ka. Kullum kana leƙen matar mutane."

Na'iya ya yi dariya, sai idonsa ya faɗa kan akushi.

"To, sarauniyar masu hannu, ga azahar ta gabato, ina kwaɓin? Ko ita ma alkamar takaba taka yi?"

Tsohuwa ba ta rama ba. Wanda ya san Kaltume ya san ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, saboda haka shirun nan ya tsorata yaron fiye da zagi. Ya durƙusa gabanta. Can ta fito da hannayenta daga cikin mayafi ta ɗora a gwiwa. Yatsun duk sun kumbura, sun karkace.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara bakwai rabon hannun ga da kwaɓi. Manna gurasa ga tanderu nika iyawa, shi ke nan."

"To wa ka yin kwaɓin?"

"Ka tuna in an tashi karatun hantsi, Malam kan shigo gida shi ce za shi muɗala'ar littattafai, kar wanda yak kira shi?"

"Ni da nash sha bulala kan muɗala'ar nan?"

Ta nuna akushin da haɓa. "Ga littafin nan."

Na'iya ya dubi akushi, ya dubi ƙofar ɗakin kakansa. Malamin da manyan gari ke zube wa a zaure, shi ne yake rufe ƙofa kullum ya naɗe hannun riga, ya yi aikin mata, don kada a ce matarsa ta gaza. Tausayi ya kama yaron, har da kunyar kwalayen da ya jibge a tsakar gida.

"Ɗan baƙin nan da muka gani wani bi tsakiyar gurasa, da kinka ce toka ta..."

"Tawada ta. Komi wankin da yay yi, ba ta fita duka."

"Ashe tsohon ga sata biyu yay yi. Ya sace mani mata, ya sace ma mata sana'a."

"Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba, ka ji ko? Ban ƙi burodinka don ƙiyayya ba, Na'iya. Amma mutumin da yay yi mani haka, in sallame shi da abin da hannu bai taɓa ba?"

"In kai garin alkamar ga Tambuwal, inji shi murje shi, in komo kafin magariba."

"Injin naka shina da yatsa?"

Yaron ya kwance agogonsa ya ajiye kan kwali.

"Shiga ɗakin Malam," in ji ta. "Ƙarƙashin buzu akwai taguwa."

Ya fito sanye da ita, ta sauko masa har gwiwa, gabanta ya bushe ƙamas da tsohon kwaɓi. Ta faɗa masa ruwan da zai zuba da tsamin da zai sa, ya yi bisimilla ya nutsa hannu.

"Danna mana! Kana shafa shi kamar mai jinyar ƙurji."

"Gafara dai, amarya, hannun injiniya na."

"Hannun mai danna maɓalli. Wancan tsohon da kaka rainawa, da shekara saba'in, akushi har kuka shika yi."

"Soyayya ta sa shi. Ni ko auren ga ban ma ga alamar riba ba."

Gumi ya jiƙa shi sharkaf kafin ta ce ya isa. Bayan la'asar kwaɓi ya tashi, ya curo na farko ya faɗaɗa shi a tafi, ya danna yatsa uku a tsakiya, ya miƙa mata. Ta daɗe tana duban shaidar, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Yatsun ga ƙanana na," in ji ta.

"Za su girma."

Sai ga dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun ranar jana'iza.

"Hasa tanderu, miji na wahala. Burodin naka a raba ma ƙananan yara, su ma ba haƙoran kirki gare su ba. Taguwar ko na bar maka. Amma in wani yat tambaye ka ina kaw wuni yau?"

Na'iya ya goge hannu a gaban taguwar, daidai inda mai ita yake gogewa.

"Muɗala'a nika yi."