Ranar da Na Yi Tsere da Barkonon Gwaggo

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na shiga tseren motoci a bayan Tsibiri da 'yar a-kori-kurata ba.

Motar gadon mahaifina ce, kuma da ita nake cin abinci. Kullum da safe ina ɗauko kayan lambu daga Jiratawa zuwa Maraɗi: tumatur, albasa, zogale, duk abin da ya samu. To sai wasu samari, yawancinsu 'ya'yan alhazan gari, suka ƙirƙiro wani wasa a ƙarshen kowane wata. Fili suka samu mai jar ƙasa nesa da gudron, wato titin kwalta, suka jera tsofaffin tayoyi suka yi kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga, ta zagaya ta fito, a duba agogo, sannan wata ta shiga. Mai riƙe agogon wani dattijo ne, Alhaji Mamman, tsohon shofer na manyan motoci, wanda kowa ke jin nauyinsa.

Karon farko da na gwada, a kwana ta biyu bayan motar ya kwashe, ta juya ta fuskanci inda na fito. Haka na tsaya muna kallon juna da 'yan kallo. Wani ya ɗaga murya ya ce in koma in ɗauko tumatur. Na koma gida raina a ɓace, amma abin ya riga ya shiga jinina.

Na kai kukana wajen abokina Lawali, makanikin da muka taso unguwa ɗaya. Ya zagaya motar, ya danna bayanta ya saki, ta yi ta rawa kamar gadon ƙarfe. Ya ce injin ba shi da laifi, matsalar ita ce bayan a-kori-kura ba shi da nauyi in babu kaya, ga shi ya yi tsayi, shi ya sa tayoyin baya ba sa kama ƙasa. Muka shiga aiki. Muka cire lam ɗaya a kowane gefe, wato falankin ƙarfen da bodi ke zaune a kai, don bayan ya sauko, muka canza amortisa masu hana mota rawa (na hannu ne, amma da sauran ƙarfinsu), muka rage iskar tayoyin baya kaɗan. Sai babban sirrin: buhunan yashi, a ɗora su daidai saman tayoyin baya. Don kada su zame, na sa mai walda ya kafa wasu ƙarafa a cikin bodin. Bakin ƙarfen ya fito da kaifi, na gani da idona, na ce ba komai, an goge daga baya (wannan "daga baya" ya daɗe yana cutata a rayuwa).

Da muka gwada ta a wata hanyar gona, sai na ji kamar an canza mini mota. In murɗa sitiyari, ta bi. In taka birki, ta tsaya ba gardama. Har kafaɗata ta canza tafiya a makon nan.

Ranar tseren da sassafe, Gwaggo Hajo ta kira ni. Ƙanwar mahaifina ce, a Jiratawa take aure, sana'arta niƙa barkono tana sarar wa mata 'yan kasuwa. Ta ce akwai buhunan garin barkono da zan kai wa wata mai sayenta a Tsibiri, yau ɗin nan. Gwaggo ba a ce mata a'a. Na je na tarar da buhunan, na ɗaga ɗaya na ji nauyinsa, sai wata dabara ta faɗo mini wadda a lokacin na ɗauka ta masu basira ce. Ai nauyi nauyi ne. Na sauke yashin a ƙofar gidan Gwaggo, na jera barkonon a gurbinsa. In na gama tsere, in wuce in sauke wa mai sayen. Na rufe da tamfol don kada a ce na zo da kayan miya.

Ko Lawali ban faɗa wa ba.

Da aka kira ni, na shiga fili da bismillah. Kwanar farko motar ta kwanta ta wuce lafiya. Ta biyu, wadda ta kunyata ni a baya, na shige ta kamar a kan layin dogo nake. Zuciyata ta cika. Kwana ta ƙarshe ita ce mafi tsanani, kuma a gabanta aka kafa rumfa: Alhaji Mamman da agogonsa, baƙin da aka gayyato daga gari, mai shayi, da mata masu sayar da ƙosai da lemun kwalba. Na ce yau sai sun san ni. Na ƙara wuta, na murɗa da ƙarfi. Na ji wani ɗan ƙara a baya, ban kula ba.

A madubi na hango jan hayaƙi ya turnuƙe bayana. Na ce kai, dubi ƙasar da nake tayarwa. Na ga mutanen rumfa sun miƙe tsaye gaba ɗaya suna kaɗa hannuwa, wasu har da tsalle. Ni kuwa, bawan Allah, na fito da hannu ta taga ina mayar musu da gaisuwa. Har oda na danna musu.

Na tsallake layi, na tsaya, na fito ina gyara wuyan riga ina jiran a zo a ɗaga ni. Babu wanda ya zo. Abin da na ji kawai atishawa ce, ta mutane da yawa, babu ƙaƙƙautawa. Masu ƙosai sun rufe fuska da mayafi sun yi cikin gonaki. 'Yan kabu-kabu sun watsar da baburansu. Alhaji Mamman, mutumin da ban taɓa ganin kansa babu hula ba, yana durƙushe, hula a ƙasa, hawaye na zuba har gemu. Daga nan iska ta juyo kaina, nima na karɓi rabona.

Lawali ya iso yana tari, ya ɗaga tamfol ya leƙa. Ƙarfen nan ya farke buhu biyu tun daga sama har ƙasa. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ina yashinmu?"

Na rarrafa wajen Alhaji na durƙusa ina ba da haƙuri. Sai da aka zuba masa ruwa a fuska kafin ya iya magana. Ya ce, "Yaro, ka yi gudu mai kyau. Sai dai ban tsayar da agogo ba, don ban ga layin ba." Wato tseren da na fi iyawa a rayuwata, ba a rubuta shi ba.

Saura Gwaggo. Na isa Jiratawa bayan la'asar, na zauna a bakin tabarma na kwashe labari duka na faɗa mata, kaina a ƙasa. Na fara karanto addu'a a zuci. Can ta ce, "To, ka ci ko ba ka ci ba?" Na ce ba a sani ba. Ta ce wannan ya fi asarar barkonon ɓata mata rai, kuma in shirya, ni zan riƙa kai mata kaya injin niƙa har ƙarshen rani. Na yi, ba musu.

Na yi niyyar ba zan sake taka filin ba. Amma kafin watan gaba ya ƙare Alhaji Mamman ya aiko a kira ni. Ya ce duk da yajin, ya ga yadda motar ta riƙe kwana, kuma yana so ni da Lawali mu nuna wa sauran abin da muka yi mata, don yaran suna da manyan motoci amma ba su san zaman mota a ƙasa ba. Na koma, da yashi na gaskiya, ƙarfen kuma a goge sumul. Ban zo na ɗaya ba, amma na bar 'ya'yan alhazai da dama a baya, kuma yanzu garejin Lawali ba ya rabuwa da masu son a saukar musu da bayan mota. Abu ɗaya ne ya canza a dokar wasan: kafin kowa ya shiga fili, sai an kwance buhunansa an sansana.

Na koyi cewa nauyi ba duka ɗaya ba ne. Na kuma koyi cewa in ka ga jama'a sun miƙe suna ɗaga maka hannu, ka dubi fuskokinsu tukuna kafin ka danna oda.