Benen da Bakina Ya Rushe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya yi mini abin da maƙiyi bai taɓa yi mini ba, a gaban dattawan garinmu.

Shekarun nan ne da hatsi ya yi tsada, har ɓarayi suka koma fasa rumbu. Ni kuwa ɗan abin da na noma, da wanda nake sarowa a Ɗambatta in kai Dawanau, shi ne duk jarina. Sai na yanke shawarar ɗora ɗan bene a kan zaurena, in riƙa ajiye buhuna a sama. Na sa aka fitar masa da 'yar taga don hatsi ya sha iska.

Matsalar ita ce gefe ɗaya na benen ya hau katangar da ta raba ni da maƙwabcina Malam Sale. Katangar nan mahaifina ne ya gina ta (shi Malam Sale ya ce kakansa ne, amma ku bar shi kawai).

Yana kallo aka yi kwaɓi, aka ɗora azara, bai ce uffan ba. Sai da aka gama rufi na hau da buhunana, sannan ya tashi ya kai ƙarata wurin mai unguwa, wai tagata tana leƙen gidansa, iyalinsa sun rasa sakewa. Raina ya yi mummunan ɓaci. Ni da furfurata za a ce wa mai leƙe? Ni da ko sau ɗaya magina ba su hau sama ba sai na aika an gaya wa matan gidansa su shiga ɗaki, kamar yadda aka saba?

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Ga liman, ga dattawa, ga Idi ƙanen Malam Sale, wanda kowa ya san bana gonarsa ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "wallahi daga tagar nan ba a hangen komai sai saman darbejiyarsa."

Mai unguwa mutum ne mai son sulhu. Ya ce to a ƙara wa katangar tsayi, mu biyu mu haɗu mu sallami magina, magana ta ƙare. Na amince nan take. Benena ya tsira ke nan.

Sai Malam Sale ya marairaice. "Ranka ya daɗe, ni da me zan sallame su? Ko tsaba babu a gidana."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ƙaryar ta tsaya mini a wuya.

"Babu tsaba? To buhunan nan na bayan madafa fa, waɗanda aka rufe da zana aka kifa tsohon kwando a kai? Ba a ciki uwargidanka take ɗiba kullum da hantsi ba?"

Liman ya sunkuyar da kai. Mai unguwa ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Malam, duk wannan a saman darbejiya ka gani?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in haɗa amsa, Idi ya juya wajen wansa. "Yaya, ashe akwai? Ka ce mini ya ƙare." Wato ban da kaina da na tona, har na haɗa 'yan uwa faɗa.

Maganar ƙarin katanga ta mutu a nan. Aka ce bene ya sauko. Ni da hannuna na taya magina cire azara, buhuna suka koma ƙarƙashin gadon matata, tana mita kullum saboda ɓeraye.

Har gobe ina cewa an zalunce ni. Ba leƙe nake yi ba, ido ne yake faɗawa (kullum da hantsi, na yarda). Kuma shi da ya yi ƙarya a gaban liman, ba wanda ya rushe masa ko akurki.

Abin da dai na koya shi ne, in ka riga ka rantse ba ka ganin gidan maƙwabcinka, to duk ƙaryar da ya yi a kan gidan nan, haɗiye ta ka ce Allah ya kawo sauƙi.