Wutsiyar Jirgin Kaya

"Lafiya lau, Amarya, sai dai yunwa. Wace irin mata ce hantsi ya dubi ludayi miji bai karya ba?"

"Mijin da haƙoransa huɗu, me zai karya? Zauna can, Tsoho, aiki nake."

Tsohon ya ja kujera kusa da teburin jikarsa, ya jingine sandarsa. Kwana tara ke nan ba ta san kowa ba sai kwamfutar nan. A allon an zana mahaɗar layin dogo, layi shida sun haɗu wuri guda, jirage na shigowa ta ko'ina, ita ce mai tsayar da su da jar wuta, ta sake su da koriya. Wasa ne, amma da irinsa za a gwada ta gobe a wajen ɗaukar aiki. Sau biyu tana faɗuwa, kuma sau uku kawai ake ba mutum dama. Shi kuwa shekara talatin da biyu ya yi a ɗakin sigina kafin ya yi ritaya, saboda haka kallon raini yake wa abin.

Allon ya yi ja, wata ƙara ta tashi.

"Sannu da aiki. Mutum nawa kika kashe yau?"

"Zane ne, ba mutane ba."

"Jiya sau bakwai na ji ƙarar nan daga ɗakina. Da a zamaninmu ne da tuni kina gidan yari, ina kai miki sabulu."

"Zamaninku da jirgi ke tsayawa akuya ta tsallaka?"

"Ni da kike gani, jirgi ɗari nake sallama kafin in gama shayin safe. Da hannu ɗaya. Ɗayan yana riƙe da kofi."

"Bara hamsin ka ce."

"Bara ba ni da lafiya."

Ta turo masa linzamin kwamfutar. "To bismilla, gwani. Nuna mana."

Ya gyara tabarau, ya kama abin da yatsa biyu kamar zai cije shi. Jirgi na farko ya taho, ya ba shi jar wuta. Na biyu ma haka. Kafin wani lokaci jirage goma sha ɗaya sun yi cirko-cirko a bakin mahaɗar, shi kuma yana ta nazari. Lokaci ya ƙare, maki sifili.

"Ashe da gaskiyar direbobi da suka sa maka suna Jar Wuta! Mai naƙuda ta shiga jirginka, sai ta yaye ɗan kafin ta isa."

"Ko ɗaya ya yi karo?"

"Ko ɗaya ya motsa?"

"Duk wanda na tsayar yana nan da ransa. Naki fa?"

Ta fizge linzamin tana tsaki, ta fara sabo. Tsohon ya bi hannunta da ido. Sauri kam akwai shi, ba ta ɓata ko ƙiftawa. Sai ga jirgin kaya mai dogon jerin taragu ya shigo mahaɗar, jirgin fasinja na jira a gefe. Kan na kayan na wucewa, hannunta ya tafi zai juya layi. Nan take ya gane inda take kashe mutanenta. Ya ɗora mata kan sanda a bayan hannu.

"Ina wutsiyarsa?"

"Kansa ya wuce. Ɗauke min sandar nan."

"Kai na tambaye ki? Ke da kika ga kaina ya shigo ƙofa sai ki rufe a kan ƙafafuna?"

"Da na huta da surutu."

"Tsaya. Mu ta taga muke leƙawa, ko ana ruwan sama, sai mun ga jar fitilar taragon ƙarshe ta fita kafin mu taɓa ƙarfe."

"Na fasinja zai yi latti!"

"Ya yi. Ba wanda aka taɓa bisnewa don latti."

Taragu suka yi ta jan jiki, ita kuma ƙafarta na ta rawa a ƙarƙashin tebur. Da na ƙarshen ya fita, ya janye sandar. Ta juya layi, na fasinja ya wuce sumul. Sau uku ya ƙara ɗora mata sanda. Na huɗu ya ɗaga, sai ya ga ta riƙe hannunta da kanta, leɓenta na motsi. Ya mayar da sandar jikin bango.

Allon ya yi kore. Ta zuba wa allon ido, don ba ta taɓa ganin wannan launin a ƙarshe ba.

Ya ce, "Jirgi nawa ke nan?"

"Arba'in da ɗaya. A minti ashirin."

Tsohon ya sosa gemu. "Mu namu jirgi shida ne a rana."

"Ina ɗarin?"

"Ranar da ba kaya ma huɗu ne. Tsakaninsu barci nake."

Ta kwashe da dariya har da dukan tebur, shi ma ya taya ta, haƙora huɗun duk a waje. Ya sa hannu a aljihu ya zaro tsohon agogonsa na aiki, mai sarƙa, wanda ko uwarta bai taɓa bari ta riƙe ba. Ya ajiye kusa da linzamin.

"Ki tafi da shi gobe."

Ta juya shi, ta duba na kwamfuta. "Tsoho, wannan ai latti yake da minti biyu."

"Na sani. Ke kuma gaggawa kike da minti biyu. Ku haɗu a tsakiya."

Ta rufe agogon a tafin hannunta, ta miƙe.

"Shayin naka, da sukari ko babu?"