Karan Dawa a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranin da na tashi burge Malam Isiyaku, mahaifin Rabi, wadda nake nema da aure a Gazara. Lokacin ban daɗe da gama makarantar aikin gona ba, kaina ya kumbura har hula ba ta zama.

Na tarar da shi a fadama yana kwashe karan dawa, zai shuka alkama. Muna gama gaisawa bakina ya fara ƙaiƙayi.

"Baba, ai taki kuke kwashewa. A daddatsa shi a binne, a yi shuka a kai."

"Ɗanyensa?"

"Haka muka karanta." (Mun karanta ɗin, amma batun a jira ya ruɓe ya wuce ni ina gyangyaɗi.)

Bai yi musu ba. Ya yanka mini rabin gonar, ya ba ni rabin irin da ya adana tun bara, ba shi kuma da wani. Na binne kara, na shuka, na ba da ruwa, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Bayan mako biyu ɓangarensa ya yi kore shar. Nawa kuwa tsilli-tsilli, rawaya, kamar gemun ɗan saurayi. A makon ne kawunnaina suka je gaisuwar neman aure, ni na raka su, aka ce Malam yana gona, sai muka bi shi can. Kawu Sale, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya nuna ɓangarena da sanda.

"Malam, wane raggo ne ya ɓata maka iri haka?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A raina na riga na yi sallama da Rabi.

Malam ya durƙusa ya tono ƙasa, ga baƙin kara da ɗumi, ga ƙwayar alkama ta ruɓe a jikinsa.

"Kara in yana ruɓewa ƙarfin ƙasa yake janyewa, sai ya gama yake mayarwa," ya ce. "Yaronku ne, kuma bai yi ƙarya ba, gaggawa ya yi. Baɗi ku zo ku ga wajen nan."

Da baɗin ta zo, wajen ya fi ko'ina zangarniya, Rabi kuma tana ɗakina tana yi mini dariya har yau. Ashe karatu ma ba a binne shi ɗanye a gonar suruki.