Igiyar da Ba Ta Kai Saƙo

"Lafiya lau na kwana, Amarya, sai dai ganinki da sassafen nan ya ɓata min rana."

"Ni ma ba don an haɗa ni da tsohon miji ba, me zai kawo ni ɗakin da ko gizo-gizo ya gaji da shi?"

Haka Kaka da jikarsa suke gaisawa kullum, wanda bai san su ba sai ya shiga rabon faɗa. Ta ture kwalaben magani da tsohuwar rediyo gefe, ta ajiye kwamfutarta a kan tebur. Daga aljihun tebur ɗin ta ɗauko igiyar lantarki da wani ɗan allon na'ura da ta bari jiya, bai fi kwalin ashana ba, ga ƙananan fitilu da maɓallai biyu a jikinsa.

Zancen allon nan kuwa ba na wasa ba ne. Babanta ya rantse in tsohon ya sake mance maganin hawan jininsa, zai garƙame gidan ya kwashe shi zuwa nasu, ɗan ɗakin da ke jikin kicin. A da ita ke biyowa kowace safiya ta tsaya a kansa sai ya sha, to yanzu an mayar da darasinta na kwaleji sassafe. Shi ya sa ta rubuta manhajar da za ta sa allon ya riƙa ƙara in lokacin magani ya yi. Saura kawai ta tura ta daga kwamfuta zuwa allon, kafin Baba ya zo da rana ya gani da idonsa.

"Wannan ɗan ƙwaron ne zai riƙa ba ni umarni? Ni da na yi wa ubanki aure?"

"Shi dai ba ya mantuwa. Kai kuwa shekaranjiya tabarau na kan hancinka ka tashi unguwa da cigiya."

"Gwada ku nake in ga mai tausayi. Ban samu ko ɗaya ba."

Ta soka igiyar a allon, ta soka ɗaya bakin a kwamfuta. Wata 'yar fitila ta kama. Ta zuba wa kwamfutar ido, shiru.

"Ikon Allah! Wuta ta shiga, amma kwamfuta ba ta gan shi ba."

"Ai ta fi ki hankali. Ta ga abin banza ta kau da kai."

"Tsoho, ka yi min shiru."

"Karatu dai har gashin goshi ya zube, ƙarshenta ɗan kwalin ashana ya ƙi jin maganarki. Bari in koma wa mai sayar da kayan miya, ita ko ba komai ta iya murmushi."

"Je ka mana. Haƙoranta da naka in an haɗa sai su cika baki ɗaya."

Ta zare, ta sake sokawa. Ta canza rami. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Gumi ya fara tsattsafo mata, shi kuwa gogan naka ya miƙe ƙafa yana kaɗa ta kamar wanda aka yi wa albishir. Tana cikin murza igiyar sai wani wari ya daki hancinta. Ta kai ta kusa ta shinshina.

"Man zafi. Kaka, tun yaushe igiyata ta fara ciwon gwiwa?"

"Iskar ɗakin ce."

"Wannan igiyar cajin wayarka ce! Wadda na gaya maka makon jiya wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar saƙo!"

"Ashe dai ban cika mantuwa ba."

"Ina tawa?"

"Ɓera ya ja."

"Ɓera mai furfura da sanda, ko? Wai so kake a rufe gidan nan? Ka koma jikin kicin kana shaƙar hayaƙi, kowa ya wuce ya ce maka sannu?"

Ƙafar ta daina kaɗawa. Ya nuna allon da baki.

"In wannan abin ya fara kuka, ke kin huta da zuwa ke nan. Gidan da babu mai shigowa ya zage ni, ubanki ya rufe shi mana. Me zan yi da shi?"

Maganar ta dake ta, tausayinsa ya kama ta ƙwarai. Amma ta san in ta bari ya gani, ya samu abin yi mata gori har shekara.

"Ji min tsoho da shagwaɓa! Wa ya ce maka na sake ka? Safiya ce ta allon nan. Da yamma in na taso zan biyo in duba ko ka sha, ko ka zuba wa tukunyar fure kamar wancan karon. Masu zaginka sun zama biyu."

Ya harare ta, ya zura hannu ƙarƙashin matashin kai ya zaro igiyar.

"Ungo. Kyautar ango ce, kada ki ce ban taɓa ba ki komai ba."

"Ka sace kayana kuma ka ba ni kyauta?"

Tana sokawa kwamfuta ta nuna allon. Ta ja manhajar ta sauke a kansa, 'yar fitilar ta shiga ƙiftawa.

"Ka taɓa kafin ta tsaya, da kaina zan ɗaure maka kaya."

Fitilar ta tsaya. Allon ya saki ƙara, jajayen fitilunsa suka zana fuska mai wangamemen baki da haƙori ɗaya tal.

"Wannan mummunan kuma wane ne?"

"Kai ne. Fitilun ba su isa in sa kunnuwan ba."

Kaka ya yi dariya har da tari. Ya ɓalli ƙwayar ya kora da ruwa, ya jawo allon ya ajiye kusa da rediyonsa.

"Da yamman ki zo da wuri, Amarya. Muryarsa ta fi taki daɗi, amma bai iya rashin kunya ba."