Farar Shaddata a Ɗakin Masu Jinya

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba a shekarata ta farko a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, amma ya kamata in fara da bayyana inda na samo labarin. Wani ɓangare na gani da idona. Wani kuma wata babbar nas ce ta faɗa mini, da Sinancin da a lokacin rabinsa kawai nake kamawa. Ranar wata ta ɓace mini. Na dai tabbata lokacin nan ne na shekara da bangon gidaje ke gumi, tufafi su kwana a igiya ba su bushe ba.

Na gama digirina a ilimin halittu, na zo koyon harshe kafin in nemi gurbin karatun likita. Ina zaune a unguwar Sanyuanli wajen Baffa, ƙanin mahaifina, mai aika kaya Kano, wanda tun kafin in taɓa riƙe allura yake kirana Likita. Don in saba da marasa lafiya, na shiga aikin sa kai a wani gida da ke unguwar Liwan, inda ake kula da tsofaffin da magani ya gama nasa. Aikinmu mu zauna kusa da su, mu ba su ruwa, mu saurare su. Ni kuwa na ƙara wa kaina wani aiki da ba wanda ya sa ni. Na karanta cewa idan majinyaci ya san ana ƙirga numfashinsa yakan canza shi, don haka sai in tsaya a ƙarshen gado shiru, ina duban ƙirjinsa, ina duban agogona. (A tunanina wannan shi ne ƙwarewa.)

Ranar, daga masallaci na wuce kai tsaye, cikin farar shadda har ƙasa da doguwar farar hula. Korayen rigunan da masu sa kai ke ɗorawa duk an wanke su, ba wadda ta bushe, sai na shiga haka. Hadari ya rufe gari, ɗakin ya yi duhu-duhu, ruwa na tsattsafowa daga bango. Ina shiga, rediyon da wani tsoho ke saurare ya ɗauke. Wani ya juya fuskarsa ga bango. Wani ya ja bargo har kansa. Na ɗauka barci suke ji, har na rage ƙarar takuna, wanda yanzu na san ya ƙara lalata al'amarin.

A gadon ƙarshe akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Popo, wato kaka. Na tsaya a ƙafafunta, na ɗaga agogo. Ba ta ɓoye fuska ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara gashinta da hannu, ta yi magana a hankali yadda zan gane. Ta ce ɗanta yana hanya daga ƙasar waje, ba ta gan shi ba tun da ta kwanta. Sannan ta ce, "Ka yi haƙuri da ni zuwa Lahadi. Ka je ka dawo."

Kowace kalma na fahimce ta. Abin da ban fahimta ba shi ne wanda take zaton tana magana da shi. Na ɗauka ta gaji ne, tana so in ɗage ziyara. Na sunkuyar da kai cikin ladabi na ce, "To, Popo, sai Lahadi." Har na ƙara da cewa ba na saɓa lokaci.

A bakin ƙofa babbar nas ta tare ni, tare da wasu 'yan uwan majinyata da suka taru suna leƙe. Ta dube ni daga hula har takalmi. A gabansu ta yi mini bayani cewa fari a wurinsu tufafin makoki ne, kuma tsofaffi da yawa sun yi imani akwai manzanni biyu masu zuwa ɗaukar rai, ɗaya fari ɗaya baƙi, kowanne da doguwar hula. Sannan ta ce ni na haɗa su biyun a jiki ɗaya: baƙar fata cikin fararen kaya. Wata mata ta toshe baki da hannu. Ban san ko dariya take ɓoyewa ko tsoro ba, kuma ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba. Na cire hular, na rasa inda zan sa ta, na tura ta a hammata.

Da na ba Baffa labari, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Likita, kai da ko zazzaɓi ba ka taɓa warkarwa ba, har an ba ka muƙamin ɗaukar rai?" Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya natsu. Na ce ina tsoron in koma ta gan ni ta saki rai, ina kuma tsoron in ƙi komawa ta yi ta jiran ƙofa. Ya ce rai ba a hannuna yake ba, amma alkawari a bakina ya fito.

Na koma ranar Lahadi cikin wandon jins da koriyar riga, kaina ba hula. Nas ta ce ta yi wa Popo bayani tun jiya cewa ni ɗalibi ne kawai daga Afirka, tsohuwar ta gyaɗa kai. Ɗan ya iso, yana zaune yana ɓare mata lemo. Na tsaya daga nesa, na sa hannuna mai agogo a aljihu. Ta ɗago ta gan ni. Ba ta dubi tufafina ba ko kaɗan. Ta yi murmushi ta ce, "Na gode da ka jira."

Kafin in sauka daga jirgin ƙasa a Sanyuanli, nas ta aiko mini saƙo cewa Popo ta rasu.

Na koyi cewa kafin mutum ya ƙirga numfashin wani, ya fara gaishe shi, ya kuma tambayi abin da rigarsa ke faɗa a garin mutane. Littattafan da na duba sun ce ciwonta ya isa ya kashe ta a kowace rana ta makon nan, na kuma yarda da su. Abin da ban samu a cikinsu ba shi ne wannan: da ban koma ba, da ta kai Litinin?