Rasuwar Mai Ido Ɗaya, kyamarar da ba ta ɗauki Baba ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Kanyinke ole Sadera, direban baƙi masu zuwa kallon namun daji a gandun dajin Mara, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki da dukan mutanen garinmu Talek rasuwar kyamarata, wadda matan ƙauyenmu suka laƙaba wa suna Mai Ido Ɗaya. Ta rasu bayan shekara goma sha ɗaya a hannuna. Shekarunta na baya sai wanda ya kawo ta ya sani, wani tsohon Bajamushe da ya ga zaki ya fashe da kuka, ya rataya mini ita a wuya ranar da zai koma gida.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha ƙura, ta sha rana, ta sha jijjigar mota a hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Ta taɓa yin wuni huɗu a jere tana jiran damisa ta sauko daga bishiya ba ta yi ƙorafi ba, alhali baƙin da ke bayan mota sun ishe ni da tambayar yaushe za a ci abinci. Ba ta da surutu. Abin da ta iya faɗi biyu ne: ƙyas in ta ɗauka, kirrr in na murɗa fim.

Ta ɗauki zakuna da giwaye, da jakunan dawa suna faɗawa kogi kadoji na jiransu. Ta ɗauki mutanenmu kuma, a nan ne zan faɗi laifina, don kada a ɗora wa mamaciya abin da ba nata ba. Baƙi ba sa son ganin mutumin Masai da agogo. Saboda haka in na kawo su ƙauye nakan riga su sauka in zagaya: a cire agogo, a ɓoye rediyo, a kai jarkokin roba bayan ɗaki, a yafa jan mayafi, samari su ɗauki mashi su yi ta tsalle. Baƙi su ɗauki hotunansu, ni ma in ɗauki nawa da ake yin katin gaisuwa da su.

Kowa yana bi, ban da Baba mahaifina. Shekara ashirin ya yi yana gadin rumbun alkama a garin Narok, ya dawo da kwat mai ruwan ƙasa da maɓallan tagulla da hular ulu, kuma ko rana za ta narka dutse ba ya rabuwa da su. Da ya ji ƙugin motata sai ya goge maɓallan da hannun riga, ya shigo tsakiyar sahu ya ƙame kamar soja. Ni kuwa in ce, "Baba, ɗan matsa gefe, naka na zuwa." Sai ya matsa. Wata rana ya ce, "Kanyinke, jakin dawa ma ai da nasa kwat ɗin kake ɗaukarsa." Na yi dariya, na ce ya ƙara matsawa kaɗan. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

Ciwon ajalinta ya kama ta a mashigar kogi cikin watan Agusta. Mota ta kafe, ruwa ya shiga jakarta. Na shanya ta, na goge ta, na danna ta ce ƙyas yadda ta saba, sai na ce ta warke. Sau ɗaya a wata nake kai fim wanki Narok, don haka babu abin da ya nuna mini akasin haka.

A watan ne ƙanwata Nashipae ta aiko cewa Baba ya kwanta. Da na shiga ɗakin ya dube ni, ya dubi abin da ke rataye a wuyana, ya ce, "Nawa ɗin ya zo, ko da saura?" Na ce ya zo. Muka sa masa kwat ɗin, ya yi masa yawa kamar na aro. Muka fito da shi ya dafa bijiminsa mai karyayyen ƙaho, ya ce mu sake shi zai tsaya da kansa. Na sa sabon fim, na ƙarar da hotuna talatin da shidan da ke cikinsa duka a kansa. Yana jin ƙyas, ƙyas, sai ya yi murmushi ya ce, "Yau bakin matar taka ya buɗe. Ka tabbata maɓallan sun fito."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Kullum sai ya tambayi hotonsa, ni kuma in ce ƙarshen wata.

Bayan an binne shi na kai fim ɗin wurin Gathogo, mai wanke hotuna a Narok. Ya wanke shi, ya ɗaga shi a haske, wayam, ko inuwa babu. Ya buɗe bayan kyamarar, ya danna, ya leƙa, ya ce, "Ɗan uwa, wannan ta daɗe da mutuwa. Labulen cikinta tsatsa ta kama shi, haske ba ya shiga. Bakin ne kawai ke motsi." Na tambayi gyara, ya ce ko an gyara, me zan ɗauka da ya wuce? Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa.

Ta rasu ta bar gilashi biyu, dogo da gajere, da igiyar wuya, da akwati uku na hotuna. Ni da Nashipae mun zazzage su a tabarma mun bi ɗaya bayan ɗaya. Akwai zakin da ya fito sau sittin, har da wanda yake hamma. Baba kuwa gwiwar hannun kwat ɗinsa muka samu a bakin wani hoto, sai rabin hular ulu a wani. Nashipae ta tattara su ta mayar cikin akwati, kuma da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba na neman wata kyamarar. Tun ranar ban iya kai baƙi ƙauye ba, ban kuma ga ranar da zan iya ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, gindin bagaruwar da Baba yake kwance. Za a shafa mata kitse, a naɗe ta cikin hular ulun, a sa ta kusa da ƙafafunsa, kowa ya ɗora dutse. Akwai shayi da madara, ba za a yanka komai ba. Mai zuwa ya zo da agogonsa da rediyonsa da duk abin da ya ga dama ya sa, ba wanda za a ce ya cire.

Maimakon ta'aziyya, roƙo ɗaya gare ni wurin 'yan uwana direbobi. In kun haɗu da baƙon da ya taɓa zuwa ƙauyenmu, ku ce ya duba tsofaffin hotunansa in ya koma gida. In ya ga wani tsoho da kwat mai maɓallan tagulla, ko rabin fuskarsa ce, ya aiko da sunana ta gidan waya na Narok. Kada ya ɓata lokaci yana duba tsakiya. A gefe zai same shi, nan na ce ya tsaya.